A Unguwar Maƙeran Bindiga ta Birmingham

Wanda ya fito daga ƙasarmu a wannan zamani, in aka ambaci bindiga gabansa ne ke faɗuwa. Mun ga ƙauyukan da aka tasa, mun san hanyoyin da ba a bi in la'asar ta yi. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke aiki a Birmingham ya ce, "Kawu, gobe in Allah ya kai mu zan kai ka wurin wani tsoho mai gyaran bindigogi," sai na ce ya nemo mana wani wurin zuwa. Ya ce, "Haba Kawu, ai maƙera ce. Kai da ka tashi a maƙwabtan maƙera, ka daure ka je ka gani." Da wannan ya ci ni, don kuwa da ƙarar masaba a kan uwar maƙera nake farkawa ina yaro, kuma har gobe in na ga aikin hannu mai kyau sai na tsaya.

A Ingila akwai jama'a, manoma da likitoci da direbobi da tsofaffin ma'aikata, waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tsohuwar bindigar harbin tsuntsaye mai baki biyu, irin wadda bututunta ke kwance gefe da gefe. Sun fi neman wadda aka ƙera daga wajen 1870 zuwa farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Suna da mujallunsu da kasuwannin gwanjonsu, suna kuma da ranakun da suke haɗuwa a fili, kowa da tasa, a yi ta harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama. Ba ajiya kawai ake yi ba. Bindigar da ta girmi kakan mai ita, ita ce zai saɓa ya fita da ita, ta kuma yi masa aiki.

Unguwar maƙeran tana arewa da tsakiyar birni, kusa da babban cocin St Chad. A ƙarni na 19 dubban mutane ne ke cin abinci a nan, kuma ba kasafai mutum ɗaya ke ƙera bindiga daga farko zuwa ƙarshe ba. Wani bututu kawai ya sani, wani kayan ciki, wani sassaƙa ƙota, wani zane, yara kuma suna ta kai da komo a lunguna da sassan bindiga a kafaɗa daga wannan shago zuwa wancan. Sunan da ke jikin bindiga sau da yawa na wanda ya ba da aikin ne, ko na mai kantin da ya sayar. A shekarun 1960 aka yanka babban titi ta tsakiyar unguwar, aka rushe mafi yawanta. Abin da ya rage 'yan gine-gine ne na jan bulo, kuma a saman ɗaya daga cikinsu muka sami mutumin namu.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin mai da ƙurar ƙarfe. Teburin aiki na gindin taga, magagarai iri-iri jere a bango, ƙotar wasunsu ta yi baƙi saboda gumin hannu. Babu wani inji na a zo a gani. Bayan mun gaisa ya ɗauko wata bindiga, ya danna wani ɗan maɓalli, ya karya ta, kafin ka ce kwabo ta rabu gida uku: bututu biyu a haɗe, da ƙota tare da kayan aikinta, da ɗan katakon da hannun hagu ke riƙewa. Sai ya rataye bututun a ɗan yatsansa, ya ƙwanƙwasa su da bayan fensir. Wata siririyar ƙara ta tashi, ta daɗe tana yawo a ɗakin kafin ta mutu. Ya ɗauko wasu bututun daga ƙarƙashin tebur ya yi musu haka, suka ce ƙwas, shi ke nan. Ya yi mana bayani cewa da wasu siraran ƙarafa biyu ake haɗa bututun, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a like su. In likin na nan daram, ƙarfe zai yi kuka. In ya saki a wani wuri, to ruwa ya sami hanya, tsatsa na can tana ci daga inda ido ba ya kaiwa. Mai saye da ya san abin da yake yi da wannan yake farawa, tun kafin ya dubi zane ko sunan maƙeri.

Daga nan sai awo. Yana da wani ma'auni mai dogon hannu da ake zura wa bututu a kai, allura na nuna kaurin bangon ƙarfen a kowane wuri. A inda ya fi siranta, masu sana'ar ba sa son kaurin ya gaza kashi 20 cikin 1,000 na inci, wato kusan rabin milimita. Na sake tambaya ko daidai na ji. Rabin milimita na ƙarfe ne ke tsakanin wutar albarushi da yatsun mai harbi, kuma a haka bindigar ta shekara ɗari tana aiki. Duk lokacin da aka goge cikin bututu don a kawar da tsatsa, bangon na ƙara sirancewa, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Saboda haka a wurinsu bindigar da ta sha gyara har take walƙiya abin tuhuma ce. Sun fi son wadda aka bari da kamanninta na asali, ko da launi ya koɗe. Waɗannan launuka na shuɗi da ruwan toka da ja-ja da ke jikin ƙarfen kusa da kunama, ana samunsu ne in an binne ƙarfen cikin gawayin ƙashi, aka gasa, aka tsoma a ruwa. Hannu na goge su da shekaru, kuma gwargwadon abin da ya rage, gwargwadon kuɗin bindigar.

Aikin da ke gabansa ran nan wata bindiga ce da ta yi sako-sako, bututun ba sa zama cif da fuskar ƙarfen da ke rufe su. Ya riga ya canza mata ƙusar da take juyawa a kai, saura daidaitawa. Ya kunna 'yar fitilar kananzir marar ƙwai, ya kara gindin bututun a harshen wutar har hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, ya mayar, ya rufe a hankali, ya buɗe. Inda baƙin ya goge, nan ne ƙarfe ke danne ƙarfe fiye da kima. Ya sa magagari mai laushi ya ɗan shafa wurin, ya sake turarawa, ya sake rufewa. Haka ya yi ta yi muna zaune har shayinmu ya huce. Ya ce ba zai bari ba sai baƙin ya goge bai ɗaya ko'ina, ta yadda ko siririyar takarda ba za ta shiga tsakani ba. Fitila da magagari da haƙuri, iyakar kayan aikin ke nan, kuma da su aka yi bindigogin da sarakunan Turai ke alfahari da su.

Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne bututun da suke kira na ƙarfen Dimashƙu, waɗanda a Birmingham da yankin Liège na Beljiyam aka fi yinsu. Launinsu ruwan ƙasa ne, jikinsu cike da wani zane mai murɗe-murɗe kamar zanen lalle a hannun amarya, kuma ba wanda ya zana shi. Daga cikin ƙarfen ya fito. Maƙeri zai jera sallayen ƙarfe mai taushi da mai tauri, wannan kan wancan, ya gasa ya buge su har su zama abu ɗaya, ya ja shi ya zama sanda. Sai ya sake gasawa ya murɗa sandar. Zai haɗa irin waɗannan sanduna biyu ko uku ko fiye gefe da gefe, ya daka su su zama ɗamara, sannan ya naɗe ɗamarar a jikin wani rodi, ya bi ta da guduma kaɗan-kaɗan tana ja wur har gaɓoɓin su haɗe. A zare rodin, a rarake ciki, a goge waje, a shafa wani ruwa mai sa tsatsa wanda ke cin ƙarfe mai taushi fiye da mai tauri. Nan zanen ke bayyana. Na riƙe ɗaya a hasken taga ina juyawa, ina tunanin yawan gumin da aka zubar a gaban zuga-zugi kafin a sami bututu ɗaya tak. Daga shekarun 1880 ƙarfen masana'anta, irin wanda Joseph Whitworth ya shahara da shi, ya fara ture wannan sana'a, kafin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ta mutu. Waɗanda suka rage a hannun mutane su ke nan.

Tsohon ya kifar da bututun ya nuna mini ƙarƙashinsu, wurin da ke ɓuya in an haɗa bindiga. Wasu ƙananan tambura ne aka buga a ƙarfen: kambun sarauta, haruffa, lambobi. Shi karanta su yake yi tiryan-tiryan. Lamba 12 na nufin faɗin baki: in aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula kowane kashi, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bututun, kimanin milimita 18.5. In ka ga rubutun da ke gargaɗin kada a harba dunƙulallen harsashi, to tsakanin 1875 da 1887 aka gwada bindigar, don a waɗannan shekaru kaɗai aka yi amfani da shi. Kambu a kan haruffan BNP na nuna an gwada ta a Birmingham da albarushin zamani, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa yau. Hannu riƙe da takobi a kan NP kuwa tambarin Landan ne. Akwai kuma tsawon harsashin da aka yi ta dominsa. Tsofaffi da yawa na inci biyu da rabi ne, kimanin milimita 65, alhali harsashin da ya cika kasuwa yanzu milimita 70 ne, kuma cusa dogo a gurbin gajere neman bala'i ne.

Waɗannan tambura daga Gidan Gwaji suke fitowa, kuma sai da na je na gan shi da idona. Yana titin Banbury, kusa da layin dogo, ginin bulo ne mai adon tutoci da makamai a saman ƙofa, da rubutun da ke cewa majalisar dokoki ce ta kafa shi a 1813 domin tsaron lafiyar jama'a. Maƙeran Birmingham ne da kansu suka nemi a kafa shi. Na Landan ya girme shi, don ƙungiyar maƙeran bindiga ta can ta sami takardar izinin sarki tun 1637. Aikinsu ɗaya ne. A kawo bindiga, a duba ta ciki da waje, a ɗura mata harsashi na musamman wanda ƙarfinsa ya zarce na yau da kullum nesa ba kusa ba, a shige da ita ɗaki mai kauri, a harba daga nesa. In ta fito lafiya, ba kumburi ba tsagewa, a buga mata tambari. In ta fashe, ta fashe a inda ba ta taɓa kowa ba. Dokar 1868, wadda aka yi ta yi wa gyara, ta haramta sayar da bindigar da ba ta da wannan tambari, ko wadda aka rarake har ta wuce ƙa'idar awon da aka gwada ta a kai. Irin wannan sai an mai da ita an sake gwadawa, mai ita na gida yana addu'a. A gidan akwai wurin da suka tara bututun da suka fashe, wasu sun dare biyu, wasu sun yi fure. Da na gan su sai na tuna wani maharbi a garinmu mai yatsu uku a hannun hagu, wanda adakarsa ta tashi da sauran. Duk wanda ya tashi a garin mafarauta ya san irinsa.

Yadda bindigar ta kai ga wannan siffa kuwa cikin shekaru kaɗan ne. Wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da bugu maimakon ƙanƙara a 1807. Bafaranshe Casimir Lefaucheux ya kawo bindigar da ake karyawa a sa harsashi ta baya, aka gan ta a babban baje kolin Landan na 1851, maƙeran Ingila suka ɗauka. A 1875 William Anson da John Deeley na kamfanin Westley Richards a Birmingham suka mai da gudumomin da a da ke tsaye a waje zuwa cikin akwatin ƙarfen, da 'yan sassa kaɗan masu ƙarko, ta yadda karya bindigar ma shi ke ɗana ta. Wannan ita ake kira bokslok, kuma ita duniya ta yi ta kwaikwayo, daga Sifaniya har Japan. A 1880 Frederick Beesley ya ƙirƙiro wadda ke buɗe kanta in an tura maɓalli, ya sayar wa kamfanin Purdey, kuma har yau a kan wannan tsari kamfanin ke ƙera masu baki biyu gefe da gefe. Abin da aka ƙara bayan nan bai taka kara ya karya ba.

Purdey na Landan ne, a unguwar masu hannu da shuni ta Mayfair. James Purdey ya yi aiki a ƙarƙashin Joseph Manton, wanda ake ɗauka uban maƙeran bindigar Landan, ya buɗe nasa a 1814, kuma tun farkon shekarun 1880 kamfanin ke zaune a gininsa na titin South Audley. Shi da Boss, wanda ke kirga tarihinsa daga 1812, da Holland & Holland na 1835, su ne manyan sunaye uku. Tasu saidlok ce, mai kayan aiki a kan faranti biyu na gefe, kuma a kan waɗannan faranti ake yin zanen 'yan wardi da murɗe-murɗe ƙanana ƙwarai, wanda mai zane ke yanka da ɗan kurfi a hannu. Ƙotar kuwa itacen walnat ce, a da daga Faransa, yanzu galibi daga Turkiyya, ana shanya shi shekaru kafin a taɓa, a ƙarshe a yi makonni ana shafa masa mai da tafin hannu. Auna mutum ake yi kafin a sassaƙa: tsawon hannunsa, faɗin ƙirjinsa, wane idonsa ya fi ƙarfi. Har akwai ƙota mai lanƙwasa da ake yi wa wanda ke harbi da kafaɗar dama amma da idon hagu yake gani. An ba ni wata na ɗaga, nauyinta kimanin kilo uku, amma da ta hau kafaɗa sai na ji kamar ba ta kai haka ba, saboda an daidaita nauyin ya taru tsakanin hannaye biyu. Sabuwa a yau ta haura fam 100,000, kuma sai ka jira wajen shekara biyu.

Duk da haka ba tsadar ce ta burge ni ba, littattafansu ne. Kowace bindiga na da lamba, kuma manyan kamfanonin nan sun adana kundayen da aka rubuta wa aka yi wa ita, yaushe, da wane awo, nawa nauyinta. Mutum zai sayi bindiga a gwanjo, ya aika da lambarta, a buɗe littafi a gaya masa sunan wanda ya ba da aikinta a zamanin Sarauniya Victoria. Tambari a ƙarfe, suna a littafi, ga kuma mai gyara da ya gaji sana'ar: waɗannan ne suka sa abin da aka ƙera a 1890 ke da daraja a yau. In aka cire su, tsohon ƙarfe ne kawai da katako.

A gwanjo, irin wanda kamfanin Holts ke yi a Norfolk, tazarar farashi na da ban mamaki. Ta Landan mai babban suna za ta ci dubban fam, wani lokaci dubu gommai. Bokslok ta Birmingham marar ado, wadda aka yi wa manomi ko mai gadin daji, ana iya samunta a fam ɗari biyu ko uku, don matasa yanzu sun fi son mai bututu ɗaya kan ɗaya, irin ta Italiya. In aka tambaye ni, wannan ta manomin ita ce abin saye. Hannayen da suka yi ta sau da yawa su ne suka yi wa manyan kantuna aiki, ta sha ruwa da laka fiye da ta masu kuɗi, kuma ga ta nan tana rufuwa da ƙara mai daɗi.

To, me aka yi da su? A nan ne sha'awata ta sami tangarɗa. Bindigogin alfarmar nan an kyautata su ne domin wani irin harbi da manyan Ingila suka runguma tun daga zamanin da Yarima Edward, wanda ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya sami gandun Sandringham a 1862. Ba bin sawu ake yi ba. Masu harbi na tsaye a layi, talakawa na kaɗo musu tsuntsaye daga daji, su kuwa suna ta saki. Shi ya sa ake yin bindigogin bibbiyu, a rubuta 1 da 2 da zinare: ubangida na harbi da ɗaya, bara na ɗura ɗayar. Lord Ripon, wanda da bindigogin Purdey ya yi suna, ya rubuta duk abin da ya kashe daga 1867 zuwa rasuwarsa a fagen harbi a 1923, jimla 556,813. A rana ɗaya ta Disamba 1913, Sarki George na Biyar da abokansa sun kakkaɓo tsuntsayen fezan 3,937. Maharbin da na sani a gida kwana yake a daji don ya kawo abin da iyali za su ci, ya ambaci sunan Allah kafin ya saki, kuma addininmu ya hana a mai da mai rai abin gwada saiti. Wannan na su Ripon ɓarna ce, kyan bindigar kuma bai wanke ta ba. Na sami masu tara bindigogin da su ma ba sa kare wannan tarihi, waɗanda faifan yumɓu kawai suke harbi, ko su ɗauki abin da tukunya za ta ci su koma gida. Har yanzu dai ranar 12 ga Agusta, ranar buɗe harbin makwarwar tuddai, babbar rana ce a can.

Akwai kuma wani bashin da ya fi wannan nauyi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Tun kafin unguwar nan ta yi suna da kayan alfarma, da bindigogi masu araha ta yi arziki, kuma kasuwarsu babba ita ce gaɓar Afirka ta Yamma, inda ake musayarsu da bayi. Masanin tarihi Joseph Inikori, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi wajen 300,000 ko fiye ne ke shigowa Afirka ta Yamma kowace shekara, kaso mai yawa daga Ingila. Da yawansu ba su da inganci, har a Ingilar ma an yi ta sukar yadda suke fashewa a hannun mai harbi. Ɗaya daga cikin manyan masu wannan ciniki, Samuel Galton na Birmingham, ɗan ɗariƙar Kweka ne masu ƙin yaƙi, kuma a shekarun 1790 'yan ɗariƙarsa suka yi tir da sana'arsa suka raba gari da shi. Daga baya, a yarjejeniyar Brussels ta 1890, ƙasashen Turai suka taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙanƙara da ake ɗurawa ta baki. Shekara 13 bayan nan Kano da Sakkwato suka faɗi a gaban bindiga mai ruwa. Adakar da 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan Sallah daga zuriyar waɗancan bindigogin fatauci take. Na tsaya a lungun na dubi tagogin benayen, na san a irin waɗannan ɗakuna aka yi duka biyun, ta ubangida da ta cinikin bayi.

Na tambayi tsohon yadda ƙasa ke da bindigogi haka amma mutum ke tafiya da dare hankali kwance. Ya buɗe walat ya nuna mini takardarsa. Wajen mutum rabin miliyan ne ke da lasisin irin wannan bindiga a Ingila da Wales. Kafin a ba ka, 'yan sanda za su zo gidanka su ga akwatin ƙarfe mai makulli da aka kafe a bango, su bincika tarihinka, likitanka ya ba da bayani a kan lafiyarka. Lasisin na shekara biyar ne, kowace bindiga da lambarta a jiki, in ka sayar ko ka saya kuma dole ka sanar da 'yan sanda cikin kwana bakwai. Su ma da jini suka koyi wani abin: bayan da wani ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, aka haramta kusan duk ƙananan bindigogin hannu a shekarar da ta biyo.

Abin da ke damun masu tsofaffin bindigogi yanzu shi ne dalma. An tabbatar ƙwayoyin harsashin da ke zuba a ƙasa da ruwa suna kashe tsuntsayen da ke haɗiye su, suna kuma shiga naman da mutane ke ci. Tun 1999 aka hana harba dalma a kan agwagin ruwa a Ingila, a 2025 kuma gwamnati ta sanar za ta hana ta kusan gaba ɗaya cikin 'yan shekaru. Madadinta mai araha ƙwayar ƙarfe ce, ita kuwa tana da tauri, tana iya lahanta siraran bututun da aka yi domin dalma mai taushi. Akwai wani ma'adini mai taushi da ake kira bismut, amma tsadarsa ta ninka sau da yawa. Wasu sun fara sayar da nasu, shi ma ya ƙara karya farashi. Na tausaya musu, amma wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai ce a bar ta ba.

Maƙeranmu ba hannu suka rasa ba. Na ga wanda ke ƙera adaka da bututun famfo da guntun sifirin mota, da a ce a Birmingham aka haife shi da sunansa na cikin littafi. Abin da babu shi ne mai gwada aikinsa kafin ya kai hannun maharbi, da mai rubuta sunansa. Ina roƙon masu kula da gidajen tarihi, irin Gidan Makama na Kano, su shiga unguwannin maƙera da gidajen 'yan bindigar fada tun dattawan na da rai, su rubuta wa ya ƙera wace adaka, a zamanin wane sarki, wa aka yi wa ita. Kai kuma mai karatu, in ka gaji mai baki biyu daga mahaifi ko kaka, ka fara da neman lasisi kamar yadda dokar makamai ta ƙasarmu ta 1959 ta tanada. Ka cire bututun ka dubi tamburan da ke ƙarƙashi, mai yiwuwa ka ga kambun Birmingham ko na Landan. Kada ka kankare ta da yashi don ta yi haske, kada kuma ka sa mata harsashin zamani sai wanda ya san aikin ya auna ta.